Gyauron Dawar Iya

Ranar sadakar arba'in ta matata, bayan an shafa fatiha mutane sun watse, muka rage mu biyu a zaure, ni da ƙanenta. Alhaji ne, fataucin goro ya kai shi Gwanja tun yana saurayi, ya daɗe a Kumasi cikin mutanen Ingilishi, sannan ya dawo Matameye da furfura da yawan labari. Aka kawo mana sauran tuwon sadaka a akushi. Ya yi loma biyu, ya tsaya yana dubana.

"Mijin Yaya," in ji shi, "yanzu kuma sai abin da ya biyo baya. Ka san Turawan can suna da kalma guda da suke kiran wannan? Abin da ya rage bayan yaƙi, ko bayan ambaliya, ko bayan mutuwa."

Ya faɗi kalmar sau uku, harshena ya ƙi ɗaukarta, ya yi mini dariya kamar yadda ya saba. Sannan ya ce wani akawu ne ya gaya masa asalinta, kuma asalin ba na masifa ba ne, na manoma ne. A ƙasarsu akan yanke ciyawa a shanya wa dabbobi. Wadda ta sake tohowa bayan yankan fari, har a sake yanke ta, ita ce mai wannan suna. Daga baya mutanen birni suka ɗauki sunan suka ɗora wa duk abin da ya biyo bayan wani abu, galibi marar daɗi.

Na ce, "Gyauro ke nan."

"Kusan haka."

"To, Alhaji, jikan gyauro ne a hannunka. Wannan tuwon."

Ya dubi lomar, ya dube ni. Bai san labarin ba, don a lokacin yana hannun baffanninsa a wani gari. Na so in ba shi da baki, na kasa. Shi ya sa na ɗauko tawada. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, allo kawai na riƙe, saboda haka zan rubuta yadda abin ya faru, ba ƙari.

A shekarar da nake magana Nasara bai shigo Damagaram ba tukuna. Mu masaƙa ne. Babana jinin Barebari ne, kakansa ya zo daga gabas da masaƙarsa a bayan jaki. Muna noma kamar kowa, amma gero kawai, a kan tudun rairayi, da ɗan wake a tsakani. Dawa sai dai mu musaya da saƙa a kasuwa. Ban taɓa shuka ta ba, ban san halinta ba.

Matata kuwa daga wajen Kurni aka kawo mini ita. A kasuwa muka san juna, tana sayar da faifai, har sai da na tara faifai biyar a ɗakin da babu ko tukunya ɗaya da za a rufe. Uwarta, wadda take kira Iya, ta rasu ƴan watanni kafin biki. Abu biyu ta bar mata da bakinta: wata jar akuya, da ƴar gora cike da irin dawa, an gauraya shi da toka don ƙwari, an toshe bakin da tsumma. Dawar daban take. Ƙwayarta fara ce sol, ɓawonta ja kamar an sa masa lalle, tuwonta yakan kwana ya wuni bai yi tsami ba. Iya ta zo da ita daga garinsu can kudu, ita kaɗai take shuka ta a bayan gida. Da ta rasu, mazan gidan suka juye abin da ya rage cikin rumbu ɗaya da sauran dawa, aka cinye. Abin da ke cikin gorar nan shi ne duk abin da ya saura.

Baba ya yankar mana gayauna a bakin fadama, kusa da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya. Ba wanda yake son wurin, ƙasarsa laka ce, gero ba ya yi. Matata ta murza ƙasar a yatsunta ta ce dawa za ta so ta.

Ruwan fari ya sauka, muka shuka rabin gorar. Ya tsiro, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi. Da ruwa na biyu ya zo, mai ƙarfi, ita ta tafi suna garin Tsauni tare da innata. Na fito na ga ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu, zuciyata ta hau tsalle. Na ɗauki sungumi, na sauko da gorar, na shuke gayaunar kaf, har na kaɗe ƙwayar ƙarshe a ramin ƙarshe. Da ta dawo na tarye ta tun daga ƙofa ina washe baki. Ta shiga ɗaki, ta ɗaga gorar, ta girgiza ta kusa da kunnenta.

"Malam," ta ce. Haka take kirana, ko da yake karatuna bai yi nisa ba. "Har da na ajiya?"

"Wane na ajiya? Dubi sama mana! Bana sai mun gina rumbu."

"A gidanmu ba a juye gorar iri. Ko cikin tafin hannu ne akan bari."

Ta mai da toshiyar, ta rataye gorar a wurinta, wayam.

Dawa kuwa ta yi kyau har na manta da maganar. Ta wuce kaina, ta wuce hannuna in na miƙa shi. Masu wucewa zuwa kasuwa sukan tsaya su tambayi mai ita, ni kuwa in fito ina gyara hula. Ta fid da kai, ta fara madara. Geronmu na tudu ya riga ya nuna, mun girbe, mun ɗaure dammuna. Ana nan wata rana da tsakar rana sai inuwa ta rufe masaƙata. Na ɗaga kai ina tsammanin hadari ne. Fara ce, daga arewa, tana ƙara kamar wuta ta kama busasshen daji. Duk gari aka fita, ana kaɗa ƙorai, ana hura hayaƙi, ana ihu. Mai gero ya tsira, don nasa ya shiga gida. Mai dawa bai tsira ba, daga nan har Kurni. Kafin la'asar gayaunarmu ta koma sanduna a tsaye, ba ganye, ba zangarniya.

Washegari da sassafe mata suka fita kamun fara tun sanyi bai sake ta ba. Innata ta cika taiki, ta soya da gishiri, gida ya ɗauki ƙanshi, kowa na tauna. Matata ta kama tare da su, ta soya tare da su, amma ko ɗaya ba ta kai baki ba. Ni kuma ban iya kallon gorar nan ba. In zan shiga ɗaki sai in sunkuyar da kai.

Baba ya ce a sare karan a yi darni da shi kafin gara ta riga mu. Ranar da zan tafi, ta biyo ni har bakin zaure, ta ce a hankali, "In za ka sare, kada ka bi ƙasa. Ka bar tushiya kamar tsawon tafin hannu." Ban tambayi dalili ba. A kwanakin nan, da ta ce in sare da haƙori, da na gwada.

Kwana goma bayan haka, shamuwa ta tafi, kowa ya ce damina ta yi sallama, sai ga hadari daga gabas da azahar. Aka yi ta gudu ana rufe dammunan gero da zana. Ruwa ya zuba kamar na tsakiyar damina, tsofaffi suna ta faɗa cewa ba shi da amfani sai ɓarna. Kwana huɗu bayan ruwan, da hantsi, ina zaune a masaƙa, Baba na gefe yana wadarin zare, sai muka ji gudu. Matata ce, ba tulu a kanta, mayafi a hannu. Ita da ba a taɓa jin muryarta a gaban surukinta ba.

"Malam! Malam, taso! Taso ka gani!"

Na zabura, zare ya harɗe mini ƙafa, na faɗi, na tashi, na bar Baba yana salati. Muka sheƙa, tana gaba ina baya, muka ratsa ta bayan gari, mata a rijiya suna tambaya ko gobara ce. Da muka gangara fadama na tsaya cik. Kowace tushiya da na bari ta fid da ƴaƴa, kore shar, uku, biyar, wata har bakwai, suna tsaye kewaye da busasshen karan uwarsu. Ko'ina a ƙasar ya fara bushewa, wurin nan kaɗai ya koma farkon damina.

"Gyauro ne," ta ce, tana haki tana dariya. "Iya ta ce dawa ba ta mutuwa da sara ɗaya in saiwarta na cikin danshi. Ban gaya maka ba don kada mu sa rai mu biyu."

"Zai yi ido?"

"In an ba shi ruwa. In ba a ci shi ba. Wata uku, in Allah ya so."

Na cire hulata na jefa sama, ta faɗa cikin laka. Na yi rawa a bakin burtali, babu ganga, har wata tsohuwa mai itace ta ajiye kayanta tana kallo. Matata ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Malam, mutane! Malam, don Allah!" amma kafaɗunta na girgiza.

A hanyar komawa ne murnar ta ci karo da al'ada. A ƙasarmu, in amfani ya shiga rumbu, mai gari yakan sa a yi shela a saki gonaki. Daga ranar nan kara ba shi da mai shi, dabba ta shiga inda ta ga dama, kuma ba mai kafa shinge a bakin burtali. Ga shi Baba yana da aboki Bafillace da ke sauka a gandunmu kowace kaka da garkensa, shanunsa su taka mana gona da taki, matansa su ba mu nono mu ba su gero. Hanyar shanunsa zuwa ruwa ita ce wadda ta gogi gayaunarmu. An kuwa riga an yi shela: ranar Asabar ta sama.

Ita ba ta iya yi wa Baba magana, sai ni na je na durƙusa.

"Gyauro?" in ji Baba. "Wa ka taɓa ji ya cika ko ƙwarya da gyauro? Shekara ashirin mutumin nan yana sauka gonata, sai bana in tare masa hanyar ruwa saboda tushiya? Kafin Asabar naku ne. Daga Asabar na shanu ne."

Na kai mata amsar. Ta ce, "To, kafin Asabar namu ne." Muka ci gaba da aiki kamar ba mu ji sauran ba.

Ranar Juma'a da safe ta ce a rage ƴaƴan, don in sun yi yawa ba wanda zai yi ƙarfi. A kowace tushiya a bar biyu masu kauri, a cire sauran. Muna cikin yi sai Baba ya zo ɗaukar sauran karan darni, ya tsaya a kanmu. Na tara ɗanyen da muka cire ya yi tsibi. Ta matso, kanta a ƙasa saboda Baba, ta ce can ciki, "Bar su nan, rana ta kashe su." Daga nan ta ɗauki tulunta ta wuce rijiya.

Na ɗauka tausayina take ji, kada in yi dako. Mu masu gero, gyauron gero kullum muna yankar wa awaki, ba abin da yake yi musu sai ƙiba. Ga jar akuyarta a gida ta fara ramewa, wata guda ba ta ga ɗanye ba. Na ce yau zan faranta mata rai sau biyu. Na rungumo tsibin, na kai gida, na zube wa akuya. Ta hau ci har tana ture ni. Na koma masaƙa na zauna ina jiran yabo.

Ban saƙa kamu ɗaya ba na ji innata ta ƙwala kira. Akuya tana tangaɗi, tana numfashi da sauri, kumfa a bakinta, jikinta na rawa. Ta durƙusa, ta tashi, ta faɗi. Baba ya fito da wuƙa a guje, ya samu ya yanka ta da sauran rai. Daidai nan matata ta shigo da tulu. Ta dubi akuyar, ta dubi sauran ɗanyen ganyen da ke ƙasa. Ta sauke tulun a hankali, ko ɗigo bai zube ba.

"Malam," ta ce, "ai na ce ka bar su."

Muna tsaye haka sai aka yi sallama a zaure da babbar murya. Bafillacen ne, ya zo gaba ya shaida wa Baba garke na tafe. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, shi da Baba kuwa ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Ina bawana Babarbare? Ka ji ubangidanka na tafe, har ka yi yanka? Bana ka yi hankali."

"Shigo, Agwai," in ji Baba da sunan da ake tsokanar Fulani da shi, murya ba ƙarfi. "Tun daga Ɗan Barto ka jiyo ƙanshin nama, na sani."

Ya shigo da sandarsa a kafaɗa yana dariya. Da ya ga kumfar bakin akuyar, dariyar ta tsaya. Ya tsuguna, ya ɗauki ganye ɗaya, ya murza, ya sansana.

"Dawa ce. Ɗanyen gyauro. Wa ya ba ta?"

Na ce ni ne.

"Kai, ɗan Babarbare, ku dai saƙa kuka iya. Gyauron dawa, muddin bai wuce gwiwa ba, ya fi maciji saurin kashe saniya. Na taɓa rasa uku a yini ɗaya. Sai ya kai ƙirjin mutum dafin ke barinsa. A ina ka samo shi a wannan lokaci?"

Muka gangara fadama mu huɗu, shi a gaba. Ya tsaya ya dubi gayaunar, ya juya ya dubi burtali, taku uku ne tsakaninsu. Sai ya zauna a ƙasa, ya ajiye sandarsa.

"Gobe da hantsi da na koro su ta nan," ya ce. "Da ƙishirwa, ba su ga ɗanye ba tun da ruwa ya ɗauke. Wa zai tare su? Da kafin azahar ba ni da garke."

Baba ya yi salati. Ya juyo gare ni, fuskarsa ta sauya. "To, magana ta ƙare. Je ka ɗauko fartanya. Yau za a tuge shi duka, kafin ya kashe wa mutane dukiya."

Gaskiyarsa ce, kuma ni na jawo. Da ban kai ganyen gida ba, da muna da sauran yini guda. Na juya zan tafi. Sai na ji motsi a bayana. Matata ta durƙusa a cikin laka, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta fuskanci Baba ba, don ba ta iyawa. Bafillacen ta fuskanta.

"Baffa," ta ce, yadda kowa ya ji, "dawar uwata ce. Babu sauranta ko'ina, sai wannan. Akuyar ma tata ce."

Bafillacen ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke.

"Akuyarki ta mutu a madadin shanuna, ƴata," ya ce. Ya tashi ya kaɗe rigarsa. "Babarbare, ba za a tuge ba. Zan zagaya da su ta mashayar yamma. Da nisa, amma ƙafa gare su. Gayaunar kuma a kewaye ta da shinge."

Baba ya ce, "A bakin burtali fa? Mai gari zai ce me?"

"Wa zai kai ƙara, in ba ni ba? Ni zan je in gaya masa da bakina. Kawo gatari, malalaci, a saro ƙaya. Ke kuma, ƴata, tuwon fari nawa ne. Kada ki bai wa waɗannan bayin nawa."

Baba ya yi ta gunaguni, amma shi ya fi kowa jan ƙaya ranar nan. Kafin rana ta faɗi mun kewaye gayaunar da shinge har ƙirji. Da yamma aka ci naman akuyar, bayan an zubar da kayan cikin kamar yadda Bafillacen ya ce. Na ba ta haƙuri a ɗaki. Ta ce, "Gobe za mu fara haƙa rijiya, ka kwanta da wuri."

A fadamarmu ruwa ba shi da nisa. Na haƙa zuwa ƙugu, ya ɓuɓɓugo. Daga ranar nan, safe da yamma, ina ɗebowa a masaki, tana bin tushiya ɗaya ɗaya da ludayi, kowace ludayi uku. Masaƙata ta yi yana. Bayan mako biyu innata ta fara biyo mu da tata ƙwaryar, wai ta zo ɗiban rama ne. Gyauro ya wuce gwiwa, ya kai cinya. Kowace Juma'a nakan tsaya kusa da mafi tsawo ta auna shi da jikina, mu koma gida muna gardama, ni in ce ya kai cibiya, ita ta ce na rage tsawo ne da gangan. Sanyi ya shigo, girman ya ragu, muka tsorata. Da ya kai kafaɗata sai ya tsaya.

Wata safiya na ga tana bin karan tana matsa wuyansa da yatsu biyu. Ta tsaya a kan ɗaya, ta kira ni, ta kama hannuna ta ɗora. Na ji kumburi a ciki, kamar ƙwai a cikin tsumma.

"Ya yi ciki," ta ce.

Na ruga gida na faɗa, Baba ya ce in bar shi ya yi aikinsa. Da azahar sai ga shi a fadama, wai ya zo duba shinge.

Da kawunan suka fito, sai tsuntsaye suka ji labari. A duk faɗin ƙasar babu ɗanyar zangarniya sai tamu. Jan-baki suka zo garke garke. Muka ɗaura igiya da sakaina, muka yi ihu har murya ta dushe, suka saba da mu, suna sauka a bayanmu muna korar na gaba. Yini biyu muka rasa kawuna da yawa. A rana ta uku ta zo da damin kaba, ta zauna a gindin shinge ta saƙa wani ɗan abu kamar faifan da aka naɗe, ta zura wa zangarniya ɗaya, ta ɗaure wuyan. Na gane. Na koma gida na tattaro duk guntayen saƙa da tsummokin da ke gidanmu, na hau ɗinki. Innata ta kama kaba, har Baba ya zare allura. Cikin kwana uku kowace zangarniya ta sami abin rufe kai, wata na kaba, wata fari, wata shuɗi.

Gari ya ɗauka. Ranar kasuwa mutane suka riƙa ratsowa kallo. "Ku zo ku ga masaƙin da ya ɗinka wa dawa hula!" Wani ya tambaya ko za mu yi mata wando kafin sallah. Bafillacen, in ya dawo daga mashayar yamma, yakan leƙo ta kan shinge ya ce, "Sannunku, malamai," yana gaida dawar. Muka yi ta dariya tare da su, don in ka ɗaga hula ɗaya ka leƙa, ga ido yana cika, fari, ɓawonsa na juyawa ja.

Ranar girbi ba mu gayyaci kowa ba, amma gidanmu duka ya gangaro. Zangarniyoyin ƙanana ne, kamar dunƙulen hannu, wasu ma ba kome a ciki. Matata ba ta yarda a kai su turmi ba. A kan faifai ta murje su da tafin hannu, ta sheƙe, ta tsince. Ta sauko da gorar, ta gauraya irin da toka, ta riƙa zubawa da kaɗan kaɗan, muna tsaye kewaye da ita ba mai tari. Ƙarar zubar ta riƙa sauyawa, daga ta wofi zuwa ta cika. Gora ta cika har wuya. Ta toshe, ta girgiza kusa da kunnena, babu ƙara. Innata ta rangaɗa guɗa.

Abin da ya rage a faifai bai fi cikin hannu biyu ba. Ta niƙa, ta tuƙa, tuwon ya fito kamar ƙwan zabo biyu. Aka kira Bafillacen, aka ajiye masa a ƙaramin akushi. Ya leƙa ciki, ya leƙa ƙarƙashin akushin.

"Saboda wannan shanuna suka yi wata uku suna zagaye? Babarbare, ko kai ka lashe sauran a hanya?"

Ya gutsura kaɗan ya ci, ya gyaɗa kai. Sannan ya raba sauran, ya miƙa wa kowa ɗan guntu, na matata ya fi girma. Ta juya baya ta kai baki. Ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo ta ce, "Shi ne."

Daga shekarar nan ba mu sake rasa dawar Iya ba. Maƙwabta suka roƙi iri, aka ba su, har yau akwai masu shuka ta a unguwarmu. Amma gorar, shekara hamsin da wani abu, hannuna bai sake taɓa ta ba. Kowace damina ita ke saukowa da ita, ta auna mini, ta mai da sauran. In na miƙa hannu sai ta ce, "Malam, kai dai riƙe sungumi." Ƴaƴanmu sun tashi suna jin wannan magana, suna dariya, ba su san mafarinta ba.

Turawan da Alhaji ya zauna da su sun bai wa kalmarsu ɓangaren baƙin ciki, kuma ban ce sun yi kuskure ba, don na ga abin da ɗanyen gyauro ya yi wa akuya kafin in saƙa kamu ɗaya. Amma ni na ga abin da ya zama da aka kewaye shi aka ba shi ruwa wata uku. Yanzu kwana arba'in da ƴan kai ke nan, ban san tsawon nawa gyauron ba tukuna.

Jiya da hantsi na shiga ɗakinta, na tsaya ƙarƙashin gorar. Ba wanda zai hana ni. Na sauko da ita, na ji nauyi. Toshiyar sabuwa ce, daga gefen zanen da ta yi jinya da shi ta yago. Ban san ranar da ta tashi ta cika ta ba, ba ta gaya wa kowa ba. Na girgiza kusa da kunnena, babu ƙara.

Shamuwa ta dawo, gabas ta fara haɗa gira. In ruwa ya sauka zan gangara fadama da sungumi, ko da a hankali ne. Na riga na ɗebi cikin tafin hannu na ƙulle a tsumma daban, na sa a ƙarƙashin matashinta, don na san halina in na ga ƙasa ta jiƙu.